Ƙaramin inji mai turbo ko mara turbo: wanne ya dace da titunan Landan?

Bayan bidiyon da na saka kan ƙananan motoci, tambayar da ta fi yawa ita ce: inji mai lita 1.0 zai iya ɗaukar mutum aiki kullum? Amsata ita ce, ya danganta da wane lita 1.0 ɗin.

Mu ɗauki Volkswagen Polo. Akwai mara turbo mai ƙarfin doki 80, akwai kuma TSI mai turbo, doki 95. Duka silinda uku ne. A takarda kamar tazarar ba yawa, amma ku dubi ƙarfin juyi, wato abin da ke tura mota idan ka taka totur: na farko Nm 93, na biyu 175. Kusan ninki biyu kenan. Shi ya sa mara turbo ke cin sama da daƙiƙa 15 kafin ya kai mil 62 a awa, mai turbo kuwa bai cika 11 ba.

Yadda abin yake, hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƴar farfela, ita kuma ta danna ƙarin iska cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru.

A cikin gari, inda unguwanni da yawa aka taƙaita gudu zuwa mil 20, wallahi ba za ka ji wani bambanci ba. Duk a go-silo ɗaya za ku tsaya. Kuɗin ULEZ ma, fam 12.50 a rana, ba ruwansa da turbo. Motar fetur da ta cika ƙa'idar Euro 4 ba ta biya.

Inda ake rabuwa shi ne wajen hawa M25 ko North Circular. Na taɓa ɗauko mutum uku da akwatuna daga Heathrow a mota mara turbo. Na taka har ƙasa, na koma giya ta uku, inji na ta kuka, ga babbar mota ta cika min madubi. Ranar na gane ƙarfi ba na gayu ba ne kawai.

Sai dai turbo na da nasa haraji. Yana zafi sosai, yana son baƙin mai na ainihi, a kan lokaci. Idan ya lalace, aljihu zai ji a jikinsa. Sannan sauƙin shan man da ake faɗa yana nan ne idan ƙafarka ba nauyi.

Shawarata: in zirga-zirgarka kasuwa ce, makarantar yara da masallaci, mara turbo ya ishe ka, ga sauƙin gyara da inshora. In kullum kana kan babbar hanya, nemi mai turbo, amma kada ka biya ko fam ɗaya sai ka ga takardun sabis ɗinta.

Kai wacce kake ja? Mu haɗu a bidiyo na gaba.