Ihu a Titi, Hukunci a Majalisa

Har yau ina tuna ranar Asabar, 15 ga Fabrairun 2003, lokacin da na kasa kunne ga rediyo ina jin yadda jama'a suka yi dafifi a biranen duniya don nuna ƙin amincewa da yaƙin da Amurka ke shirin ƙaddamarwa kan Iraƙi. A Landan kaɗai an ƙiyasta kusan mutum miliyan ɗaya, na birnin Rum ma sun ninka haka. Ban ɓoye maka ba, mai karatu, a ranar na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Ranar 18 ga Maris majalisar dokokin Birtaniya ta amince wa Tony Blair da ƙuri'a 412, masu adawa 149. Kwana biyu bayan haka aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, George Bush ya sake cin zaɓe a 2004, Blair kuma a 2005.

A ganina, raunin farko yana cikin taken da kansa. Cewa "kada a zubar da jini saboda man fetur" yana da daɗin faɗa, yana kuma shiga kwali, amma bai amsa tambayar da masu son yaƙi suke jefa wa jama'a ba: to, yaya za a yi da Saddam? Taron ya haɗa ɗan gurguzu da limamin coci da Musulmi, kowa da nasa dalilin, babu abin da ya haɗa su sai kalmar "a'a". Da yamma ta yi, kowa ya naɗe kwalinsa ya kama hanyar gida, gwamnati kuwa ta san ba za su dawo gobe ba.

A dubi Turkiyya. Can ma an fito titi, sai dai fushin ya ratsa har zauren majalisa, inda a ranar 1 ga Maris, 2003 ƙudurin bai wa sojojin Amurka hanyar kutsawa arewacin Iraƙi ya kasa samun rinjayen da doka ta tanada. Dole Amurka ta sauya tsarin yaƙinta. Wakilan sun ji tsoron masu zaɓensu, abin da yawancin na Landan ba su ji ba.

Namu na gida ya fi ban takaici. A watan Oktoban 2001 aka yi zanga-zanga a Kano kan harin da Amurka ta kai Afganistan. Kafin a ankara ɓata-gari sun ƙwace ta, aka ƙona shaguna da wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. Waɗanda aka binne a makon nan mazauna Kano ne, babu ko ɗayansu da aka yi shawara da shi kafin jirage su tashi zuwa Kabul.