Littafi Ɗaya, Gida Goma: Karatun Labaran Soyayya a Tsohuwar Maiduguri

Tsohuwar Maiduguri, wadda mutanen gari suka fi kira da Old Maiduguri, ta girmi birnin da ya haɗiye ta. Tana nan zaune tun kafin 1907, shekarar da aka kafa Yerwa, sabon birnin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinsa, yau kuwa mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Jere. In ana lissafa al'adun wannan yanki, abin da ke fara zuwa baki shi ne turaren wuta da humra da lafaya da lalle, da daren wushe-wushe a bikin Kanuri, da tsangayun da suka sa almajirin ƙasar Hausa ke ɗaukar allonsa ya ce ya tafi gabas. Akwai wata al'adar da ba a sa ta a wannan lissafi, alhali ta yi shekaru tana zaune a tsakar gidajen unguwar: karatun littattafan soyayya na Hausa, musamman masu sarƙaƙiya, waɗanda ake cakuɗa so da ɓoyayyen sirri da makirci da ɓatan mutum, har mai karatu ta kasa ajiyewa. Na kira ta al'ada domin ta cika sharuɗɗa: tana da lokacinta, da wurinta, da ladubbanta, kuma ana gadonta daga ya zuwa ƙanwa. Ginshiƙinta shi ne cikin jama'a ake yin ta, kuma duk wanda ya ɗauke ta a matsayin abin da budurwa ke yi ita kaɗai a ɓoye zai yi kuskure wajen yanke mata hukunci.

Daga yamma kayan suka zo. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, sannan daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan rubutu sunan Adabin Kasuwar Kano, masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi ta kai ruwa rana da shi a jaridu. Ana can ana wannan muhawara, littattafan kuwa sun riga sun hau mota cikin kwalaye tare da atamfa da takalma, sun bi ta Azare da Potiskum da Damaturu sun sauka Kasuwar Monday, daga nan suka watsu cikin unguwanni.

Da yake ba kowace mace ce ke da kuɗin sayen labari mai kashi uku ko huɗu ba, sai haya da aro suka zama hanyar karatu, kuma a nan ne ladubban al'adar suka samo asali. Matar aure ba ta zuwa wurin mai haya da ƙafarta, yaro take aika da 'yan canji da sunan littafin a bakinsa, ya tafi yana maimaitawa kada ya manta. Littafin da ya dawo da shi ya sha hannu: an lulluɓe bangonsa da leda ko takardar buhun siminti, an ɗinke bayansa da zare da allura, gefen shafukan ya yi baƙi, wani wurin ga tabon manja, wani wurin ga shatin yatsa mai lalle. Kwana ɗaya aka biya, amma kafin wa'adi ya cika ya ƙetara katanga ya shiga gida biyu ko uku. Wadda ta riƙe na ɗaya har ta hana maƙwabciya samu ta yi laifi, wadda ta yage shafin ƙarshe ta yi babban laifi, wadda kuwa ta riga kowa karanta na uku ta zo tana faɗin yadda aka ƙare ita ce ba a yafe wa da wuri. Marubutan sun san da wannan, shi ya sa suke datse kashi na ɗaya daidai lokacin da aka buɗe ƙofa, ko aka ɗaga mayafin amarya aka ga wata fuskar daban, su ce a tara a littafi na biyu. Jiran da ke tsakanin kashi da kashi shi ne rabin daɗin, domin a cikinsa ake hasashe da gardama.

Lokacin karatu sananne ne. Bayan an sauke tukunyar rana, maza sun fita, zafin watan Afrilu da Mayu ya hana kowa motsi, sai a shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar maina. Ko kuma ranar ƙunshi, wadda ta fi kowace dacewa: mata huɗu ko biyar an naɗe musu ƙafa da hannu da leda, sun miƙe ƙafafu za su yi awoyi ba tashi, ba mai iya riƙe komai, sai a ba ƙanwar da ke makarantar sakandare littafi ta karanta da murya. A irin wannan zama ne ake ganin abin da nake nufi. Ba a barin mai karatu ta yi shafi biyu ba a katse ta ba. Uwar gida ta ce wannan yarinya ba ta da wayo, ina ita ina cin abincin da kishiya ta aiko. Amarya ta ce ai zuciyarta ɗaya, mijin ne bai tsaya mata ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, wadda Hausarta ma a kasuwa ta tsince ta, ta ɗaga kai daga tsintar wake ta ce tun farko ba ta yarda da ƙanwar uban nan ba, ita ce ta sace jaririn. Kowane hali da marubuciya ta zana sai an ɗora shi a sikeli an auna shi da addini da al'adar gida. Maganar da mace ba za ta iya yi a kan mijinta ko surukarta ba, tana iya yin ta a kan mutanen cikin littafi, kowa ya gane inda aka dosa, ba a ɓata da kowa ba.

Masu kallo daga nesa suna zaton kalaman soyayya ne ke riƙe masu karatu, alhali fargaba ce. So a waɗannan littattafai ƙofar shiga ce kawai, abin da ke ciki tambayoyi ne: wa ya aiko da wasiƙar da ta raba auren, ina aka kai yarinyar da ta ɓata daren ɗaurin aure, ɗan waye wannan da aka tsinta, me attajirin nan yake ɓoyewa a ɗakin da ba ya bari a shiga. Wannan salo kuwa ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a tsakiyar shekarun 1930, labari ne na saurayin da mai dukiya ya ƙwace wa budurwa, ya bazama neman hanyar ramuwa, kuma abin da ke jan mai karatu har ƙarshe shi ne son ganin inda ramuwar za ta faɗa. Borno ita ma ba yau ta fara sauraron labari ba: tun 1854 Sigismund Koelle ya buga tatsuniyoyi da labaran Kanuri da ya ji daga bakin Ali Eisami a Saliyo. Kunnen da ya saba da hirar dare shi ne ya karɓi littafin haya.

Yau takardar ta ja baya, waya ta karɓi aikin, amma tsarin bai sauya ba. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, in labari ya kai inda numfashi ke ɗaukewa sai ta ce daga nan sai an biya, ta asusun banki ko da katin waya. Yaron da ake aika wurin mai haya yanzu wurin mai POS da mai caji ake aika shi. Wadda ba ta iya karatu ba ta samu masu karanta littattafan da murya a YouTube, ana tura mata a waya ta kunna tana wanki, maƙwabta suna ji ta kan katanga. Maiduguri ta gwada ƙarfin wannan al'ada fiye da kowane gari. A watan Mayun 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya na tsawon makonni, ga dokar hana fita da ke kulle mutane a gida tun da sauran rana. A Janairun 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu. A Fabrairun 2023 Kasuwar Monday ta ƙone, a Satumbar 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidaje ya lalata abin da aka adana. Duk da haka ba a daina tambayar juna "kin samu ci gaban?" ba.

Suka ta farko da ake yi wa wannan al'ada ita ce ta tarbiyya, kuma ba za a ce babu gaskiya a cikinta ba. Akwai rubutun batsa, ya kuma ƙaru tun da aka koma waya, inda babu maɗaba'a babu mai tacewa. Akwai littattafan da ke nuna wa yarinya cewa aure shi ne gidan bene da mota da tafiya Dubai, ta tashi tana raina mai keke napep ɗin da ya zo da gaskiyarsa. Amma an riga an gwada maganin hani an ga iyakarsa. Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan da aka ƙwace a makarantun 'yan mata. Karatu bai tsaya ba, wuri kawai ya sauya. Abin lura shi ne littafin batsa ba ya iya zama a tabarmar ƙunshi, domin babu yarinyar da za ta buɗe baki ta karanta shi gaban yayarta da gwaggonta. Kunyar zaman taro ita ce matatar da ta fi kowace hukuma aiki. Uban da ya haramta littafi a gidansa baki ɗaya bai hana 'yarsa karatu ba, ya dai tashe ta daga tsakar gida ya tura ta cikin bargo da waya, inda babu tsohuwar da za ta ce mata wannan hali ba na 'yar mutunci ba ne.

Suka ta biyu ta fi taɓa zuciya. Ana cewa mutanen da suka ji ƙarar bam da kunnensu, suka sauki 'yan'uwa daga Bama da Baga da Dikwa da Monguno a ɗakunansu, wasu har yau ba su san inda ɗansu ko mijinsu yake ba, me za su yi da tsoron ƙarya? Ai kamar wasa ne da ciwo. Ni a ganina akasin haka ne. Fargabar da ta shigo Borno tun 2009 ba ta da shafin ƙarshe, wanda ya ɓata ba lalle a gan shi ba, wanda ya yi zalunci ba lalle a ga sakayyarsa a duniya ba. Fargabar littafi kuwa tana da iyaka, an san za a kai inda asiri zai tonu, uwa ta gane ɗanta, azzalumi ya girbi abin da ya shuka. Macen da ta yi shekaru tana jiran labarin da bai zo ba, in ta nemi awa guda cikin duniyar da ake samun amsa, ba ta cancanci zargi ba. Kuma marubuta mata ba su kau da kai daga ainihin ciwon ba: labarin da ya lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a shekararta ta farko, 2016, shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira.

Suka ta uku ita ce wadda na fi ɗauka da nauyi, kuma dattawan Kanuri ne ke yin ta. Tsohuwar Maiduguri ƙasar Kanuri ce, ga Shuwa, ga Babur da Marghi da sauran maƙwabta, amma labarin da 'ya'yansu mata ke kwana da shi da Hausa yake, a Kano ko Kaduna ko Abuja yake faruwa, da bikin Hausawa da sunayen Hausawa. In an sako Borno a ciki, sau da yawa ba ta wuce kyakkyawar Bashuwa mai dogon gashi da gwanar haɗa turare ba. Yaran da ke tasowa a birni suna amsa wa iyayensu da Hausa in an yi musu Kanuri, kuma ba za a ce littafi da fim ba su da hannu a ciki ba. Sai dai laifin bai kamata ya faɗa kan mai karatu ba, domin abin da ta samu ta karanta. An daidaita ƙa'idar rubutun Kanuri tun shekarun 1970, ana koyar da harshen a Jami'ar Maiduguri, amma labarin soyayya mai jan rai da Kanuri ba ya cikin abin da mace ke tararwa a kasuwa ko a wayarta. Waɗannan littattafai na Hausa su ne suka riƙe wa dubban mata karatun boko bayan an cire su daga makaranta an yi musu aure, su ne suka sa hannunsu bai manta harafi ba, kuma wadda ta iya karanta Hausa da sauri ba za ta sha wuyar karanta Kanuri ba in an ba ta abin da zai ja ta.

Saboda haka kirana ga 'yan matan Borno masu riƙe da alƙalami, da malaman harsuna na jami'a, da gidajen rediyo irin su BRTV da Dandal Kura, shi ne su shigo cikin wannan al'ada da kayansu. A rubuta labarin da ke faruwa a Gwange da Gamboru da Tsohuwar Maiduguri, da wushe-wushensa da sunayen mutanensa, da Kanuri ko da Hausar da ake yi a Yerwa, a karanta shi a rediyo kashi-kashi, a datse shi inda ya kamata a datse. Masu sauraro suna nan a tsakar gida, kuma sun saba biyan kuɗin ci gaban labari.