Karkacewar Babban Yatsan Ƙafa: Me Ke Biyo Bayan Tiyata?

Akwai wata larura da ke sa babban yatsan ƙafa ya karkace ya jingina da ɗan'uwansa, gindinsa kuma ya turo waje kamar ƙulli, har sanya takalmi ya zama azaba. Likitoci na kiranta halus balgus. Wani nazari na shekarar 2010 ya nuna tana samun kashi 23 cikin ɗari na masu shekara 18 zuwa 65, kuma ta fi yawa ga mata. Gado na da hannu a ciki, matsattsen takalmi mai tsini kuwa yana ƙara tsananta ta.

Ƙullin da ake gani kan ƙashin tafin ƙafa ne da ya goce daga mazauninsa, saboda haka kankare shi kaɗai ba ya wadatarwa. Likita kan yanke ƙashin ya mayar da shi daidai, ya ɗaure da ƙusa, ko kuwa ya haɗe gaɓar da ke bayansa, dabarar da Lapidus ya bayyana a 1934.

To, gyaran yana ɗorewa? A ƙasar Finland an gwada marasa lafiya 209, aka buga sakamakon a 2001: bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa tiyata sun fi samun sauƙin ciwo a kan waɗanda aka bai wa matashin takalmi. Amma wani binciken na 2014, a ƙasar dai, ya bi sawun waɗanda aka yi wa aikin kimanin shekara takwas. Hoton ƙashi ya nuna yatsa ya sake karkacewa ga kashi 73 cikin ɗari, musamman waɗanda karkacewarsu ta yi tsanani tun farko. Abin mamaki, komowar ba ta zo da ciwon da zai sa a sake yanka ba.

Akwai kuma wasu matsaloli. Gaɓar kan sandare, ciwo kan koma ƙarƙashin sauran yatsu, wani lokaci ma gyaran kan zarce, yatsan ya karkata ɗaya gefen. Kumburi kan ɗauki watanni kafin ya sauka.

Wannan ne ya sa likitocin ƙashi ba sa son yin aikin domin ado kawai. Wanda ƙullinsa ba ya ciwo, takalmi mai faɗin baki ya ishe shi. Wanda ciwo ya hana shi tafiya kuwa, tiyata na iya mayar masa da ita, ko da yatsan bai tsaya a miƙe har ƙarshen rayuwa ba.