Ikon Sokewa da Iyakarsa: Darasin Bakolori

Gonar da mutum ya gada kaka da kakanni, gwamnati na iya raba shi da ita da takarda guda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke haƙƙin mai fili idan maslahar jama'a ta taso, kamar gina hanya ko madatsar ruwa. Sai dai ba a bar ikon kara zube ba. Dole a aika wa mai fili sanarwa a rubuce, sashe na 29 kuma ya wajabta diyyar gini da shuka.

Mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun sun ga abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da diyya. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya ci ƙauyuka, katafila ta baje gonaki da itatuwa, damina ta wuce wasu ba su yi shuka ba, kuɗin diyya kuma shiru. Manoma suka datse hanyoyi, aiki ya tsaya. A Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu, aka rasa rayuka da dama.

Sokewa na hawa kan manya ma. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Abdul'aziz Yari na APC ya rasa kujerar sanatan da ya ci, Bello Matawalle da ya tsaya a jam'iyyar adawa ya zama gwamna.

Fiƙihun Malikiyya ma ya gindaya wa sokewa iyaka. Mai wasiyya na iya janye ta muddin yana raye. Uba na iya karɓe kyautar da ya yi wa ɗansa, amma da zarar ɗan ya yi aure ko ya ci bashi a kanta, magana ta ƙare. Ba a so a janye abin da wani ya riga ya ɗora rayuwarsa a kai.

Duk wanda aka ce an soke filinsa, ya nemi ganin sanarwa, ya tambayi dalili, ya bi diyyarsa har kotu.