BABI NA UKU: YADDA SASHEN WASA NA C KE KIRAN AYYUKAN LUA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar harshen shirya kwamfuta da rabe-rabensa. A wannan babi kuwa za a yi bayanin yadda wasan kwamfuta da aka gina da harshen C yake kiran ayyukan da aka rubuta da wani harshe da aka dasa a cikinsa, wato Lua. Abin da ake nufi da "aiki" a nan shi ne guntun umarni mai suna, wanda ake ba shi bayanai ya sarrafa, sannan ya dawo da amsa.

3.1 Dalilin Haɗa Harsuna Biyu

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970, sai an juya shi gaba ɗaya zuwa harshen na'ura kafin ya yi aiki. Wannan ne ya ba shi sauri, amma ko ɗan gyara aka yi sai an sake juyawa. Shi kuwa Lua, a shekarar 1993 Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes suka samar da shi a jami'ar PUC da ke Rio de Janeiro ta ƙasar Brazil, kuma tun asali an tsara shi ne domin ya zauna a cikin wani shiri. Saboda haka masu gina wasanni sukan bar wa C zane da sauti, su danƙa wa Lua dokokin wasa, waɗanda ake yawan sauyawa. Wasan Grim Fandango na 1998 da World of Warcraft na 2004 duk sun yi amfani da Lua.

3.2 Tsibin Musaya

Harsunan biyu ba su ajiye bayanai iri ɗaya. Lua yana da mai kwashe shara, wanda ke share duk bayanin da aka daina amfani da shi, alhali a C mai shirin ne ke yin wannan da kansa. Don haka ba su miƙa wa juna kaya hannu da hannu, sai ta kan wani tsibi, tsarin da ya kafu tun fitowar Lua 4.0 a shekarar 2000. Tsibin nan tamkar jeren kwanoni ne a ɗakin amarya: kwanon da aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Ana kiran na can ƙasa da lamba 1, na can sama kuma da lamba -1.

3.3 Matakan Kira

Alal misali, a ce an gina wa wayar hannu wasan dara irin wadda ake bugawa a gindin bishiya a Gumel ko Gagarawa, mai gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Sashen C ne zai zana gurabun, amma dokar motsa ɗa tana cikin wani aikin Lua mai suna halattaTafiya. Duk lokacin da ɗan wasa ya taɓa allo, sashen C zai bi matakai huɗu kamar haka:

1. Zai ɗora aikin a kan tsibi ta amfani da lua_getglobal, ya kuma tabbatar cewa abin da ya hau aiki ne. Idan an yi kuskuren harafi ɗaya a sunan, fanko ne zai hau.
2. Zai ɗora bayanai bi da bi ta amfani da lua_pushinteger, wato lambar gurbin da ɗa zai tashi, sannan ta gurbin da zai sauka. Idan aka juya wannan jeri, amsa za ta zo a karkace ba tare da wani gargaɗi ba.
3. Zai kira lua_pcall, ya faɗa masa cewa bayani biyu aka bayar, amsa ɗaya ake jira. A nan Lua zai sauke aikin da bayanan, ya ɗora amsa a madadinsu.
4. Zai karanta amsar da ke -1 ta amfani da lua_toboolean, wato halal ko haram, sannan ya sauke ta da lua_pop.

3.4 Wuraren Tuntuɓe

Wuri na farko shi ne zaɓin hanyar kira. Akwai lua_call, wadda ba ta da kariya; idan kuskure ya auku a cikin dokar dara, kuma babu wani kira mai kariya da ya lulluɓe ta, wasan gaba ɗaya zai mutu a hannun mai bugawa. Ita kuwa lua_pcall takan tare kuskuren, ta dawo da lambar da ba sifili ba, ta ajiye saƙon kuskuren a saman tsibi, yadda za a iya nuna shi a ci gaba da wasa.

Wuri na biyu shi ne mantawa da saukewa. Gurbi 20 kawai Lua ya lamunce wa sashen C a kan tsibi. Abin da ya haura wannan sai an nema ta lua_checkstack. Wasan da ke kiran aiki sau 60 a daƙiƙa, idan yana barin amsa ɗaya a kowane kira, zai tara 3,600 a cikin minti guda. Haɗarin irin wannan kuskure shi ne yana iya tsallake ɗan gajeren gwaji, sai wasa ya yi nisa ya bayyana.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa lafiyar wasa mai harsuna biyu ta rataya ne a kan tsibin da ke tsakaninsu: a ɗora kaya bisa jeri, a yi kira mai kariya, a kuma bar tsibin yadda aka same shi. Babi na huɗu zai duba ɗaya ɓangaren, wato yadda Lua ke kiran ayyukan C.