Zaɓen Taswirar Gidan Ƙasa Mai Yalwa da Yadda Ake Ba da Aikin Zana Ta

Gabatarwa

Kafin a shiga bayani, ya kamata ɗalibi ya lura da harshen damo da ke cikin kalmomin "gidan ƙasa". Wani lokaci ana nufin gidan da aka gina da tubali da laka, wani lokaci kuma ana nufin gidan da ba bene ba, wato kishiyar gidan sama. Ma'ana ta biyu ake nufi a nan, ko da kuwa da bulo da siminti aka gina shi. Taswirar gini kuwa ita ce zanen da ke nuna inda kowane ɗaki da ƙofa da taga za su zauna, tare da awonsu, tun kafin a haƙa harsashi.

A da, Bahaushe bai buƙaci takarda ba. Maigida da magini kan tsaya a kan fili, a shata wurin zaure da ɗakuna a ƙasa, sauran tsarin kuwa yana kan magini, domin ya gaje shi. Da irin wannan ilimi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846). Yau lamarin ya sauya. Mai son gina gida a birni dole ya nemi zane a takarda, kuma a wajen zaɓen wannan zane ne mutane da yawa ke yin kuskuren da zai zauna da su har tsufa.

Abin da Ake Dubawa Wajen Zaɓe

Kuskure mafi yawa shi ne a fara da hoton fuskar gida. Mutum zai ga gida a intanet ko a unguwar masu hali, ya burge shi, sai ya ce irinsa yake so. Amma da yawa daga cikin zane-zanen da ake sayarwa a intanet an yi su ne domin Amurka da Turai, inda ake gini da katako, ake yin rufi mai tsini saboda ƙanƙara, ake barin manyan tagogin gilashi domin rana ta shiga. A irin waɗannan gidaje, da an buɗe ƙofar waje sai falo, kuma sau da yawa babu bango tsakanin falon da madafi. Wannan ya dace da rayuwar masu shi. Ga gidan Bahaushe kuwa, ma'anarsa ita ce duk baƙon da ya yi sallama yana kallon matar gida a bakin murhu.

Tsarin gargajiya ya daɗe da warware wannan matsala. Baƙo yakan tsaya a zaure. Wanda ya fi shi kusanci ya ratsa ƙofar gida zuwa shigifa. Cikin gida kuwa, inda tsakar gida da ɗakunan mata da madafi suke, sai muharrami da yara. Akan kuma karkata ƙofofin yadda na zaure ba zai hango na ciki ba. Ke nan gidan yana da matakai na shiga, kowane mutum da iyakarsa. Ba a cewa sai an gina zaure mai daurin guga a wannan zamani, amma taswirar da ta rasa waɗannan matakai ta rasa abu babba. Falon maigida mai ƙofarsa ta waje da banɗakinsa na iya tsayawa a matsayin zaure, ɗan lungu mai lanƙwasa kuma ya tsaya a matsayin shigifa. Na taɓa shiga wani gida a wata sabuwar unguwa inda, bayan an kashe kuɗi mai yawa an tare, sai da aka rataya labule mai kauri a tsakiyar falo, daga baya aka sa birkila ya ja bango. Falon da aka yi taƙama da girmansa ya koma ɗakuna biyu masu duhu.

Wannan ya kawo mu ga ma'anar yalwa. Mutane da dama sun ɗauka yalwa ita ce girman falo. A ganina, yalwar gidan Bahaushe tana tsakar gida ne. A nan ake daka da shanya da wanki, a nan yara ke wasa, a nan mata ke taruwa ranar suna ko biki, a nan kuma ake kwana idan zafin bazara ya tsananta a watannin Maris da Afrilu. Gidan ƙasa yana cin fili fiye da bene, tunda duk ɗakunansa a shimfiɗe suke. Filotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo, bai wuce kimanin mita 15 da mita 30 ba. A ɗauka an bar mita uku a kowane gefe tsakanin gini da katanga. Faɗin da ya rage mita tara ne kacal. Idan aka cusa ɗakuna biyar da falo biyu da gareji a nan, babu sauran tsakar gida. Saboda haka, ko dai a nemi fili mai ƙafa 100 da 100, ko a rage ɗakuna, ko kuma a jera su a gefe da baya su kewaye fili a tsakiya.

Haka kuma, iyali ba ya tsayawa yadda yake. Yara maza kan girma su buƙaci ɗaki kusa da ƙofa, mahaifiya kan tsufa ta dawo hannun ɗanta, wani kuma yakan ƙara aure. Taswira mai kyau takan nuna inda za a ƙara sashe ba tare da an rushe wani ba. A nan gidan ƙasa ya fi bene sauƙi, ga shi kuma ba ya wahalar da tsoho da hawan matakala.

Sai batun fuskantarwa. Ranar yamma ita ce mai gasa bango, don haka an fi so dogayen bangaye da yawancin tagogi su dubi kudu da arewa, a bar sito ko banɗaki a ɓangaren yamma. Hadarin damina a ƙasar Hausa galibi daga gabas yake tasowa da iska, hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka ƙofar da ke waɗannan ɓangarori tana buƙatar baranda. Masu gida da yawa kuma ba sa son mazaunin banɗaki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Gyaran wannan a takarda layi ɗaya ne, bayan an yi daɓe kuwa sai an fasa.

Ba da Aikin Zane

Matakin farko shi ne tabbatar da fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ne kuma ke ba da takardar shaidar mallaka a birane. Da wannan takarda da taswirar awon fili ake zuwa wurin mai zane, domin zanen da aka yi ba a san girman fili da gangarensa da inda hanya take ba, zato ne kawai.

Mai zanen ya zama ƙwararre mai rajista. A Nijeriya hukumar da ake kira ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita ke yi wa masu zanen gine-gine rajista, injiniyoyi kuma COREN. Maigida zai zauna da shi ya faɗi yawan iyalinsa da irin baƙinsa da ƙarfin aljihunsa. Yana da kyau a saurari uwargida a wannan zama, domin ita ta san nisan da ya dace tsakanin madafi da sito da wurin ruwa. Daga nan sai a yi zanen gwaji a gyara, kafin a fitar da cikakke: zanen shimfiɗar ɗakuna, da na fuskokin gida, da na rufi, da na harsashi da rodi, da na wuta da famfo da sokawe. Yawanci akan yi shi a ma'aunin 1:100, wato santimita ɗaya a takarda daidai yake da mita ɗaya a ƙasa. Wanda bai iya karanta zane ba, ya ɗauki igiya da turaku ya shata ɗakunan a kan filin, ya shiga ya gani da idonsa. Ɗaki mai mita uku da uku yakan yi kyau a takarda, amma da an sa gado da kabad ya cika.

Kafin a sauke yashi, a sa masanin ƙididdigar kayan gini ya lissafa bulo da siminti da rodi da kwano, sannan a kai zanen ga hukumar tsara birane ta jiha, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, domin ta amince. Ginin da aka yi ba da izininta ba yana iya samun jan fenti a bango, har ta kai ga rushewa. Idan kuma zanen ya dawo da hatimi, a ba ɗan kwangila kwafi, maigida ya adana na asali tare da takardun fili, domin za a sake nemansa duk ranar da aka tashi ƙara ɗaki ko sayar da gidan.