Ko Ka Sani? Akwatin Tagullar da Ke Lissafin Wata

Ko ka san wata yana maimaita kansa duk bayan shekara 19? Idan yau daren sha huɗu ne, to ranar da kwanan watan Turawa irin na yau ya zagayo bayan shekara 19, cikakken wata za ka gani, in ma an samu saɓani bai wuce kwana ɗaya ba. Dalili kuwa, tsayuwar wata 235 daidai take da shekarun rana 19, bambancinsu kusan awa biyu ne kacal. Mutanen Babila sun riga Girkawa lura da haka, amma sunan Meton, wani masanin taurari na birnin Atens, shi ya bi lissafin tun shekara 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Abin da ya fi burge ni shi ne Girkawa sun zuba wannan lissafi cikin na'ura. A 1901 aka tsamo wani dunƙulen tagulla daga jirgin ruwan da ya nutse kusa da tsibirin Antikitera. Ashe faya-faye ne masu haƙora irin na cikin agogo, 30 suka tsira, sun haura shekara dubu biyu. Mutum ya murɗa mariƙi, sai wata 'yar ƙwallo, rabi fari rabi baƙi, ta juya ta nuna masa jinjirin wata ne ko cikakke. A bayan akwatin an zana gidaje 235 a nannaɗe, zagaye biyar, kowane gida wata guda. Ƙasa da shi ga wasu gidaje 223 na hasashen husufi. Kai, har saurin da wata ke ƙarawa da lafawar da yake yi a tafiyarsa maƙerin bai bari ba, ya kwaikwaye su da 'yar ƙusa mai zamewa cikin tsaga.

Gwada da kanka. An yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu 2024. Koma 10 ga Afrilu 2005, za ka tarar farkon wata ne, sai dai Rabi'ul Awwal ne, ba Shawwal ba, domin wata 235 shekarun Hijira 19 ne da wata bakwai. Husufin rana ma an yi shi ranar 8 ga Afrilu a duka shekarun biyu!

Gutsattsarin na'urar guda 82 suna gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Atens.